Ranar da Na Zauna a Kan Wayar Injin Baba

Duk wanda ya ba ku labarin nan a Konni, a karkace ya ba ku shi. Wasu na cewa tsoron inji ne ya kama ni. Wasu na cewa karatun lakwal, wato boko, ne ya hau mini kai har na kunyata ubana gaban baƙinsa. Akwai ma wata tsohuwa a unguwarmu da har yau take rantsuwa iskoki ne suka buge ni. Babu ko ɗaya. Da hankalina na zauna a kan wayar nan, kuma da za a maimaita ranar zan sake zama, sai dai in fara shimfiɗa tabarma, don ƙasan zaurenmu akwai tsakuwa.

Ku samarin da kuke zuwa kuna tsaya mini a kai kuna cewa, "Ai inji ke yi, ke riƙon ƙarfe kawai kike," ku nake rubuta wa. Inji ba ya komai sai juyi. Fanka ma tana juyi, ba a taɓa ganin ta fitar da ƙafar gado ba.

Babana, Mamman masassaƙi, ya yi shekaru yana juya itace ba shi da inji. Abin aikinsa turaku biyu ne na ƙirya da aka kafe a zaure, kowanne da tsinin ƙarfe. A sa itace tsakaninsu, a naɗe shi da igiyar fata. Mutum ɗaya ya zauna a ƙasa ya tokare ƙafafunsa, ya ja da dama, ya ja da hagu, itace na zuwa yana komawa. Ɗayan kuma yana riƙe da kurfi, ya kafa shi in itacen ya juyo, ya ɗaga in ya koma. Mai kurfi shi ake kira gwani. Mai igiya ba a kiransa komai, sai "ja mana".

Yayyena maza biyu su suka fara jan igiyar. Da suka yi ƙarfi suka tafi cin rani kurmi, suka gano cewa ɗaukar kaya a tasha ya fi sauƙi. Sai aka waiwayo aka gan ni. Tun ina firamare, in na dawo lakwal in tuɓe rigar makaranta in zauna ƙasa. A nan na koyi itace, da damtse ba da ido ba. Ƙirya tana jayayya da kai kamar akuyar da ta gane hanyar mahauta. Maɗaci yana da biyayya amma ƙurarsa na barin ɗaci a maƙogwaro har la'asar. Dogon yaro in bai bushe ba yana yayyafa maka ruwa a fuska, kuma duk kyawun da ya yi yau, zafin bazara zai tsaga shi. Babu wanda ya zaunar da ni ya faɗa mini waɗannan. Baba ba ya koyarwa da baki, sai dai ya yi tsaki, kai kuma ka nemo abin da ka ɓata.

Wata mata daga Tajaye ta taɓa zuwa da ƙafar gado guda ɗaya a ƙunshe cikin zane, ta karye gida biyu. Tana son a yi mata irinta sak. Baba ba shi da abin awo. Ya tsinko kara, ya ɗora shi jikin tsohuwar ƙafar, duk inda ta kumbura ko ta tsuke ya yi alama da farce. Muka yini, ni ina ja yana yanka. Da matar ta dawo daga kasuwa ta juya sabuwar ƙafar, ta juya, sannan ta ajiye ta ce ba ta so.

"Mi ya same ta?" in ji Baba.

"Ta hi sauran kyau. In na sa ta, kowa ya shigo ɗaki ita za ya gani, ya san gadona ya taɓa karyewa."

Baba bai yi musu ba. Ya shafe ƙafar da toka da man gyaɗa, ya buga ta jikin turke nan da can, ya goge ta a ƙasa. Matar ta karɓa tana sa albarka. Wannan ma aikin ne. Wane inji zai gaya muku lokacin da ya kamata a munana abu?

Shekarar da aka yi fari, wadda aka rufe iyaka a cikinta, ba wanda ya zo neman gado. Mutane ma kwance nasu suke yi su kawo mana ƙafafun mu saya. Katako ya daina hayowa daga Najeriya. Muka koma yin taɓarya da muciya, har Inna ta tambaye mu wa muke yi wa, tunda ba abin dakawa ba abin tuƙawa. Abin da ya riƙe gidan shi ne ƙotar shebur da ta diga, don masu zuwa aikin gyaran ƙasa da ake biya da hatsi. A shekarar na bar koleji ina ajin ƙarshe. A shekarar kuma wuyan hannun Baba ya kumbura, ya miƙo mini kurfi karon farko, shi ya zauna ƙasa ya kama igiya. Hannun na sacewa ya karɓe kurfinsa. Amma na riga na ɗanɗana, na kuma gane lissafin: muddin aikin na mutum biyu ne, ni ce ta ƙasa. Ranar da wani abu zai juya itacen da kansa, ranar zan miƙe tsaye.

Saboda haka da Baba ya sayar da san nomansa bayan wasu damuna masu kyau, ya tafi Sakkwato ya sayo tsohon injin juya itace wurin wani kafinta da ya rufe shago, ba wanda ya kai ni murna. An kawo shi a bayan motar da ta kai albasa, yana wari kamar miya. Ƙarfe ne zalla, kore, da moter a gindinsa kamar tulu, da bel da ke haɗa moter da sandar juyi. Majiya ƙarfin unguwa suka shigar da shi zaure suna nishi.

A wurinmu ba a tada sabon inji a ɓoye. Ko na niƙa ne ko na ɗinki, sai an sa rana, an kira malam ya yi addu'a, an raba goro, an dama fura. Mai abu ya yi bisimilla ya danna da hannunsa gaban jama'a, aikin farko kuma a ba da shi sadaka. Baba ya sa ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, ya aika har Malbaza da Dogarawa.

Akwai kuma wata al'ada da ba a kira mata malam. Duk kayan wutar da muke amfani da su daga tsallaken iyaka suke zuwa: rediyo, fanka, dutsen guga. Kowanne da kan waya mai ƙafa uku masu faɗi, mu kuma piris ɗinmu na bango, inda ake soka waya, rami biyu ne zagayayyu. Don haka duk ɗan Konni ya tashi da sanin cewa matsalar kayan wuta ɗaya ce: kai. A yanke kan Najeriya, a sa namu, waya ta uku a lanƙwashe ta a naɗe. In babu kai ma a tura zallar wayar cikin rami a tokare da ashana. Sarkin wannan aiki shi ne Kawu Ilu, ƙanen Inna, mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Da reza yake yawo a cikin hularsa. Ya ga wayar injin, kaurinta kamar babban yatsa, da kai na ƙarfe mai ƙafa huɗu, ya ce a bar masa, ranar Juma'a zai yi masa kaciya gaban kowa.

Da safen Juma'ar aka ce in wanke injin saboda baƙi. Na ɗauko kananzir da tsumma da toka. Ina goge moter sai na ji wani abu mai faɗi a ƙarƙashin dauɗa da fenti. Na kankare da bakin wuƙa. Ɗan faifan ƙarfe ne da rubutu. Yawancinsa ban gane ba, amma na ga 380 da harafin V, na ga lambar 3 da wata 'yar lanƙwasa a gabanta. Na tashi na je bango inda kwantar wutarmu take, wato mita, na hau turmi na leƙa. An rubuta 220.

Ba zan yi muku ƙarya in ce na san abin da zai faru ba. Abin da ya rage mini daga darasin malaminmu na kimiyya shi ne, in lamba biyu ba su zo ɗaya ba, kada ka haɗa su kana fatan alheri. Na sami Baba yana gwada babbar riga.

"Baba, wutar da injin ga ke ci ba ita muke da ba."

"Wuta kala-kala ce?"

"Haka aka rubuta a jikinsa."

"In kawunki ya zo ki hwaɗa mishi. Duba mini wuyan rigar ga, ya zauna?"

Bayan masallaci zaure ya cika har waje. Maza a kan tabarmi, mata a ƙofar cikin gida suna leƙe. Malam ya yi addu'a, aka shafa, goro ya zaga. Baba ya ɗaura wani yankin maɗaci mai kyau a injin, wanda za a yi wa liman ƙafar kujera da shi. Kawu Ilu ya cire hula, ya zaro reza, ya yanke kan ƙarfen, ya fere wayar. Waya huɗu suka fito, kowacce da launinta.

"Kun gani," ya ce wa jama'a. "Na rediyo ukku, wanga huɗu, don babba ne. Mu ɗauki biyu, mu lanƙwashe biyu. Duk ɗaya."

Na ce, "Kawu, tsaya ka duba nan," na nuna masa faifan.

Ya sunkuya ya duba, ya ɗago yana murmushi. "Ɗari ukku da tamanin. Namu hwa?"

"Ɗari biyu da ashirin."

"To, Ramatu, wanne ya hi yawa?"

"Nashi."

"Madalla. Wuta mai yawa ita ka ƙona abu. In kin ba ƙato ƙaramin kwanon tuwo, mutuwa za ya yi? Sai dai ya yi aiki sannu-sannu."

Zaure ya ɗauki dariya, har da malam. Gaskiya kuma maganar ta shige ni. Na tsaya ina kallon yana murza wayoyi biyu yana neman ashana a aljihu. Sai na tuna sa ɗaya ne muke da shi, an kuma sayar. In moter ɗin nan ya ƙone, ba wani na biyu, ni da igiya kuma har tsufa. Wayar doguwa ce, ta bi ƙasa daga injin zuwa bango. Na fizgo bakinta daga hannunsa, na naɗe ta kamar gammo, na ajiye, na zauna a kai.

Duk zauren ya juyo yana kallona.

"Ramatu," in ji Baba, a hankali, da muryar da yake yi in akwai baƙi. "Tashi."

"Baba, ka yi haƙuri. A kira wanda ya sani tukuna."

"Ni mi ne?" in ji Kawu Ilu.

"Kai na rediyo ka sani, Kawu."

Inna ta leƙo daga ƙofa tana yi mini alama da ido wadda na san fassararta. Wani dattijo ya ce a yayyafa mini ruwa. Wani ya ce abin da lakwal ke jawowa ke nan, a sa ɗiya mace ta koyi lamba ta dawo tana lissafa wa iyayenta. Kawu ya kama wayar daga ɓangaren injin ya ja, na danne. Ban yi shekaru ina jan ƙirya don mai gyaran rediyo ya ɗaga ni ba. Ya ja har hularsa ta faɗi.

"Yaya, ka yi mata magana," ya ce wa Baba yana haki. "Tun kahin a haihe ta nike wanga aiki. Ban taɓa haɗa abu ya ƙi ba."

Daga cikin mata sai wata murya ta ce, "Ilu."

Hajiya Zali ce, mai injin niƙa a Malbaza, tsohuwar mai sayen kujeru wurin Baba. Ta matso bakin ƙofa da ƙwaryar furarta a hannu.

"Waya nawa ka ce ke cikin wanga?"

"Huɗu, Hajiya."

"Nawa na lantarki da ka zo ka haɗa mini, shi ma ba huɗu ba ne? Ka ɗauki biyu ka lanƙwashe biyu?"

Kawu ya ɗauki hularsa yana kaɗewa. "Wancan moter ɗin dama mara lahiya ne."

"Haka ka ce. Ya yi ta gurnani kamar raƙumi, bai juya ba, sai hayaƙi da warin ƙonannen gashi. Na koma wurin wanda ya sayar mini na zage shi tas gaban matansa. Ashe bawan Allah..." Ta kurɓi fura. "Ilu, sai ka raka ni in ba shi haƙuri."

Wannan karon dariyar ta fi ta farko, kuma ba ni ake yi wa ba. Kawu ya ce shi dai ya san wutar Malbaza daban take. Ya mai da rezarsa cikin hula.

Kada ku ɗauka an tafa mini. Mutane sun baro Dogarawa a motar haya don su ga inji na juyawa, an sha fura, an yi addu'a, ga itacen liman a ɗaure. Baba ya daɗe yana kallon injin. Sannan ya tuɓe babbar rigar ya rataye, ya cire bel ɗin, ya miƙa hannu bayan ƙofa ya ɗauko igiyar fata.

"Ke kika hana shi tashi," ya ce. "Zo ki tada shi."

Haka na sauka daga kan waya na koma ƙasa. Jan itace tsakanin turaku wani abu ne, jan itace da ke maƙale da sandar ƙarfe mai nauyi wani abu ne daban. In na ja ya tafi, ba ya son dawowa, sai ya fizge ni gaba. Baba na tsaye a jikin sabon injinsa yana yanka da taƙama, jama'a na cewa ma sha Allahu, kai, inji daban ne, dubi yadda yake fitowa sumul. Liman ya samu ƙafar kujerarsa. Ni na kasa ɗaga hannu in ɗaura kallabi washegari.

Da na warware na je na sami wani ma'aikacin kamfanin wuta, na zana masa abin da ke jikin faifan a ƙasa da tsinke. Ya ce moter ɗin wuta mai layi uku yake ci, gidajen unguwa kuwa layi ɗaya ake ba su. In an ba shi ɗaya, ba sannu-sannu zai yi aiki ba, tsayawa zai yi cak yana zafi har ya ƙone. Na tambaye shi ina ake samun mai layi ukun. Ya ce a bakin tasha, inda masu walda suke. Unguwarmu fa? Ya ce in ci gaba da addu'a.

Tun daga ranar, duk abin da aka kawo mini mai waya, sai na nemi faifansa na kankare kafin in dubi kansa. In ban gane ba in tambaya. Wannan ne kaɗai wa'azin da zan yi muku.

Na kawo wa Baba labari, ya ce shi ba ya barin zauren da ubansa ya yi aiki ya koma cikin masu walda, ƙara ta kashe masa kunne, tartsatsi ya cinye masa riga. Injin ya zauna. Aka rufe shi da tabarma. Kafin wani lokaci Inna ta fara kife kwanoni a kansa, kaza ta gano ƙarƙashin moter akwai inuwa. Lokacin kaka ya matso, masu aurar da 'ya'ya suka fara aiko da saƙon gadaje. Wani kafinta ya zo ya ɗaga tabarmar yana taya injin kamar mai taimakonmu, na ga Baba bai kore shi ba.

Da yammacin ranar na tafi tasha ban gaya wa kowa ba. Akwai wani mai walda da Baba ya saba yi wa ƙotar guduma, yana da rumfa a gefen shagonsa da ba a ajiye komai sai tsofaffin tayoyi. Na kai masa zancen. Ya ce in zan share wurin in kuma biya rabona na wuta, shi ba ruwansa. Na dawo na tarar da Baba yana wasa kurfi.

"Baba, kai ka zauna zaurenka. Injin ne za ya tahi."

"Wa za ya yi aiki da shi can?"

"Ni."

Ya ci gaba da wasawa. "Ɗiya mace, tsakiyar masu walda."

"Su ma wuta suka biyo, ba juna ba."

Ya gwada kaifin a farcensa, ya sake goga shi a dutse. Na tsaya ina jira, ni da ba na iya jira. Can, ba tare da ya ɗago ba, ya ce, "In za su ɗaga shi, kada su kama ta sandar juyi. Ta ƙasa za su kama."

Na kwashe kwanonin Inna na kai mata, na kori kazar, na fita neman mai amalanke.